Tambaya da Amsa: Kakana Ya Je Yaƙin Bama, Ta Ina Zan Fara Neman Tarihinsa?

A wannan fitowar mun haɗa wasiƙu uku, biyu daga Jihar Kebbi, ɗaya daga Jihar Zamfara, domin dukansu suna tambaya ne a kan yadda za a gano tarihin aikin soja na wani magabaci. Mun taƙaita wasiƙun, amma ba mu sauya manufarsu ba. Bama da ake nufi a nan ita ce ƙasar Burma, wato Myanmar ta yanzu, inda sojojinmu suka yi yaƙi da Japan a yaƙin duniya na biyu, ba garin Bama na Jihar Borno ba.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce a Birnin Kebbi, amma asalinmu mutanen ƙasar Zuru ne. Bayan rasuwar mahaifinmu bara, da aka zo rabon gado, an buɗe wani akwatin ƙarfe na kakanmu, wanda ya rasu tun ina ƙarama. A ciki mun tarar da taurari biyu na tagulla, da wata minda zagayayya, da wani ƙyalle rawaya mai hoton baƙin gizo-gizo, da ɗan littafi wanda gara ta cinye rabinsa. Iyakar abin da muka sani shi ne ya je yaƙin Bama. Sai dai sunan da ke cikin littafin ba shi ne sunan da muka san shi da shi ba, har babban wanmu yana cewa ƙila kayan na wani abokinsa ne. Gwaggonmu ce kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa, kuma ta haura shekara tamanin. Wane ofishi zan rubuta wa don in sami cikakken tarihinsa?

Hadiza, Birnin Kebbi

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malama Hadiza. Allah ya jiƙan mahaifinku da kakanku, ya ƙara wa Gwaggo lafiya. Kin tambayi ofishin da za ki rubuta wa, amma wurin da ya kamata ki fara zuwa shi ne ɗakin Gwaggo, kuma kada ki bari hutun makaranta mai zuwa ya wuce ba ki je ba. Takardun da ke Kaduna da Landan sun yi shekara tamanin a ajiye, za su jira ki, amma abin da ke cikin kan Gwaggo babu kwafinsa a ko'ina. Ki tafi da akwatin, ki buɗe shi a gabanta, ki nemi izininta ki ɗauki muryarta da waya, sannan ki rage magana. Tsofaffi ba sa son tambaya irin ta ɗan sanda. Idan kika ce mata, "A wace shekara ya tafi?" za ta ce ba ta sani ba, amma idan kika ce, "Gwaggo, wa aka haifa yana can, kuma da ya dawo wa ke goye?" za ta ba ki amsar da za ki iya lissafa shekara da ita. Ki riƙe wasu shekaru a matsayin turke: an naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1938, yaƙin Hitila ya ɓarke a Satumban 1939, Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945, kuma akasarin mutanenmu da suka je Bama sai a 1946 suka dawo gida.

Ki tambaye ta irin labaran da yake maimaitawa, ko da a lokacin yara sun ɗauke su tatsuniya. Bindiga ya riƙe, ko kaya ya ɗauka a ka? Ya taɓa cewa an sa su a jirgin sama an sauke su a tsakiyar daji, ko kuwa da ƙafa suka yi ta bin bakin wani kogi? Yana ambatar alfadarai? Wane suna abokansa na bariki suke kiransa da shi idan sun zo gaisuwa? Nan gaba za ki ga amfanin kowace daga cikin waɗannan tambayoyin.

Batun sunan da ya ɗaga wa yayanku hankali, wannan ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya taɓa buɗe takardun sojan zamanin Turawa. Akawun da ke ɗaukar kurata ba ya tambayar sunan uba da na kaka yadda ake yi yanzu. Yakan rubuta sunan yanka, ko wanda saurayin ya ga dama ya faɗa, sannan ya liƙa masa sunan gari ko na ƙabila, shi ya sa rajistar take cike da masu suna Zuru da Yelwa da Argungu da Gusau da Sokoto a gurbin sunan mahaifi. Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta, don haka samari da yawa daga ƙasar Zuru, waɗanda suke da sunayensu na gida da harshen C'lela, sukan ɗauki sunan Hausa a ranar da aka rubuta su, su yi aiki da shi har sallama, su dawo gida a ci gaba da kiransu da sunan da iyayensu suka raɗa musu. Wani kuma guduwa ya yi ba da sanin iyaye ba, ya sauya suna don kada a biyo sawunsa. Ƙasarku ta daɗe da shahara da aikin soja, tun daga waɗannan farabiti da kofur-kofur har zuwa manyan hafsoshi irin su Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Muhammadu Sani Sami, wanda ya hau gadon sarautar Zuru bayan ya yi ritaya yana manjo janar. Saboda wannan yawan ne ma suna kaɗai ba zai kai ki ko'ina ba, domin masu suna iri ɗaya da na kakanku a cikin rajista za su iya cika aji guda.

Abin da ke rarrabe soja da soja shi ne lambarsa. Ɗan littafin da kika ambata, bisa ga dukkan alamu, littafin sallama ne, kuma a shafukan farko ake rubuta lambar, wadda a zamanin yaƙin duniya na biyu takan fara da haruffan NA ga sojan Najeriya, kamar yadda ta mutanen Gana take farawa da GC. Ki duba shi da rana, a bakin taga, ba tare da kin tilasta wa shafukan da suka manne ba. Ban da lamba, akan rubuta muƙami da ranar shiga da ranar fita da rukunin da mutum ya yi aiki, wani lokaci har da tsawonsa da tsagar fuskarsa ko wani tabo a jikinsa. Nan ne za ki warware gardamar yayanku cikin sauƙi: ki karanta wa Gwaggo kamannin da aka rubuta, ita za ta gaya miki ko mahaifinta ne. Idan gara ta cinye lambar a shafin farko, ki bi sauran shafukan, domin akawu yakan maimaita ta, kuma ki leƙa murfin akwatin ta ciki da ta waje, saboda sojoji sukan rubuta lambarsu da fenti a jikin kayansu.

Taurarin ba za su ba ki suna ba, domin Ingila ta raba lambobin yabo na yaƙin duniya na biyu ba tare da ta zana sunayen masu su ba, amma za su gaya miki inda ya je. Kowace tauraruwa tana da sunanta a rubuce a fuskarta. Idan ƙyallen ratayawa yana nan, na tauraruwar Bama ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Ɗayar, ina kyautata zaton, ita ce ta 1939 zuwa 1945, mai shuɗi mai duhu da ja da shuɗi mai haske. Zagayayyar kuwa, idan tana da kan Sarki Joji na Shida a gaba da zaki tsaye a kan dodo a baya, mindar yaƙi ce da aka ba duk wanda ya yi aiki a lokacin. Amma idan ta tabbata cewa tauraruwa ta biyu ta Afirka ce, mai ƙyalle ruwan ƙasa da ja a tsakiya, to kakanku tsohon hannu ne, domin hakan yana nuna cewa kafin Bama ya yi aiki a wani fagen, ko dai yaƙin Habasha, inda bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 suka fafata da Italiya har aka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ko kuwa wajajen Masar.

Ƙyallen gizo-gizon nan ya fi taurarin daraja a wajen mai bincike. Runduna biyu ce ta Afirka ta Yamma ta je Bama, kuma a 1943 aka kafa su duka. Runduna ta 81 ita ce mai alamar baƙin gizo-gizo a kan rawaya, wanda aka ɗauko daga Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, wato takwaran Gizo namu mijin Ƙoƙi. Runduna ta 82 kuwa alamarta māsu biyu ne gicciye a kan gammo, irin wanda ɗan dako yake ɗorawa a ka, kuma a cikinta ne bataliya ta 1, 2, 3, 5, 9 da 10 na Najeriya suke. Tunda gizo-gizo ne a akwatinku, an rage miki aiki ƙwarai. Idan sojan ƙafa ne mai bindiga, to ko dai yana bataliya ta 4, wadda ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944 tare da mutanen Gambiya da Saliyo har aka kai ga Myohaung a Janairun 1945, ko kuwa yana cikin bataliya ta 6, 7 ko 12, waɗanda aka ara wa wani hafsan Ingila, Janar Wingate, aka kwashe su a jiragen sama aka sauke su a bayan dagar Japanawa a 1944. Kin ga dalilin tambayar jirgin sama da alfadarai ke nan. Idan kuma Gwaggo ta ce kaya ya ɗauka, kada wannan ya sa ki ji wani ƙasƙanci. Rundunar ta dogara ne kacokan a kan dubban masu ɗaukar kaya a ka, waɗanda su ma sojoji ne masu lamba, domin a tsaunukan Arakan na yammacin Bama babu hanyar mota, abinci da harsashi daga sama ake jefo su, su kuma su kai su inda ake bukata, galibinsu ba tare da bindigar kare kai ba.

Sai bayan kin sami lamba da rukuni ne rubuta wasiƙa zai yi amfani. Fayilolin hafsoshin Turawa suna Ingila, amma na ƙananan sojojin da aka ɗauka a nan, a nan aka bar su, kuma ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa na Najeriya yana Lokoja. Ki rubuta musu a takaice, ki sa lamba da suna yadda yake a littafin, ba yadda kuke kiransa a gida ba, ki haɗa da hoton shafukan da takardar shaida daga hakimi ko rantsuwar kotu da ke nuna dangantakarki da shi. Kafin nan ki leƙa reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion mafi kusa da ke, domin mazan jiyan da ke zama a can sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, kuma wani cikinsu yana iya tuna kakanku a faretin tunawa da mazan jiya, wanda a da ake yi ranar 11 ga Nuwamba kafin a mayar da shi 15 ga Janairu.

A Kaduna akwai reshen Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda aka tara fayilolin lardunan Arewa, akwai kuma Gidan Arewa. Ga wani tarko da ke kama mutanen Zuru: suna zuwa sai su nemi fayilolin Lardin Sakkwato kaɗai, masu alamar SOKPROF, alhali a ƙarshen mulkin Turawa Zuru tana tare da Kontagora ne a Lardin Neja, sai a 1976 ta shiga Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiri Kebbi a 1991. Don haka ki nemi na Minna ma, masu alamar MINPROF. Abin da za ki nema shi ne fayilolin ɗaukar kurata, da na kuɗin da sojoji suke aiko wa iyalansu ta hannun En'e, wato hukumar sarakuna ta zamanin Turawa, da na sama wa waɗanda aka sallama aiki bayan yaƙi. Tsofaffin kwafe-kwafen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, su ma sun cancanci a ba su yini guda, domin ta bi labarin sojojin da Hausa.

A Landan, a ma'ajiyar takardun gwamnatin Ingila da ke unguwar Kew, akwai littafin da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum, kuma na fagen Bama suna ƙarƙashin lamba WO 172. Sai dai in gaya miki gaskiya tun yanzu don kada ki sa rai da yawa: hafsan da ke rubutawa yakan ambaci Turawa da sunayensu, amma baƙaƙen sojoji sai ya ce mutum kaza sun mutu, kaza sun ji rauni, ya taƙaita su da haruffan AOR, wato ƙananan sojojin Afirka. Littafin zai gaya miki ƙauyen da bataliyar kakanku ta kwana a rana kaza da abin da ya same ta, amma da wuya ki ga sunansa, sai fa idan an ba shi lambar jarumtaka, wadda takardun shawarar bayar da ita suke ƙarƙashin WO 373, kuma ana iya neman su da suna ta intanet.

Kafin komai, ki ɗauki hoton kowane shafi da kowace minda gaba da baya, ki aika wa 'yan'uwanki biyu ko uku. Kada ki kai littafin shagon da ake manne takarda da leda mai zafi, domin zafin yana ƙona tsohuwar tawada kuma ba a iya ɓare ledar daga baya. Kada kuma ki ba da na asali ga kowa. Na taɓa raka wani dattijo wani ofishi inda ya bar takardar sallamar mahaifinsa bisa alkawarin za a duba masa, muka koma bayan wata uku muka tarar an sauya wa ma'aikacin wurin aiki, takardar kuma babu wanda ya san inda ta shiga, shi kuwa ko kwafi bai yi ba.

Tambaya ta biyu

Malam, barka da aiki. Ƙanen kakana ya shiga soja lokacin yaƙin Hitila bai dawo ba. Kakarmu har ta rasu abin da take cewa shi ne, "Shi dai yat tahi Bama, ba a sake ganinai ba." Ba mu da takarda ko ɗaya. Kwanan baya wani mutum ya zo garinmu yana cewa akwai kuɗin magadan sojojin Bama da ke ajiye a Ingila, a biya kuɗin fom ya karɓo mana. Shin gaskiya ne? Kuma akwai yadda za mu san inda aka binne shi?

Malam Sanusi, Ƙaura Namoda

Amsa

Malam Sanusi, barka kadai. Bari in fara da mai fom: kada ku ba shi ko kwabo. Akwai wata ƙungiya a Ingila, Royal Commonwealth Ex-Services League, wadda take tallafa wa mabuƙata daga cikin tsofaffin sojojin da suka yi aiki kafin samun 'yancin kai da matan da suka mutu suka bari, ta hannun ƙungiyoyin mazan jiya na ƙasashensu, amma wannan tallafi ne ga masu rai, ba gado ba ne da jikoki za su je su karɓa. Ka tambayi mutumin sunan ofishin da kuɗin suke da lambar ƙanen kakanka, za ka ga ya fara kame-kame.

Batun kabari kuwa akwai hanya, kuma kyauta ce. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda ake taƙaita sunanta CWGC, tana da rajistar waɗanda suka mutu a bakin aiki tsakanin 3 ga Satumba 1939 da 31 ga Disamba 1947, kuma kowa yana iya dubawa a shafinta da wayar hannu. Tunda ba ka da lamba, aikinka ya koma neman allura cikin ruwa, amma akwai dabara. A gurbin sunan mahaifi ka gwada sunan gari: Kaura, Kaura Namoda, Gusau, Zurmi, Zamfara, Zanfara, Sokoto, domin wanda ya fito daga ƙaramin ƙauye yakan faɗi babban garin da akawu zai gane. Sannan ka juya sunan yanka yadda kunnen Bature ko na akawun Kudu zai ji shi. Muhammadu yana iya zama Momadu ko Mamadu ko Mama, Abdullahi ya zama Audu ko Abdulai, Usman ya zama Osuman, kamar yadda suke rubuta Gwandu da Gando. Idan ka sami wanda ya yi kama, rajistar za ta ba ka lambarsa da muƙaminsa da bataliyarsa da ranar rasuwarsa da inda aka binne shi ko aka rubuta sunansa, kuma da wannan lambar za ka bi sauran hanyoyin da na bayyana wa Malama Hadiza. Sai dai kada ka yi gaggawar rungumar sunan farko da ka gani. Ka auna ranar rasuwar da abin da dattawan gidanku suka sani game da lokacin tafiyarsa da lokacin da saƙonsa ya yanke.

Da yawa daga cikin mutanenmu ba su da kabarin da aka sani. A maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, wanda a da ake kira Rangun, akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 da suka mutu a yaƙin Bama ba a san makwancinsu ba, kuma 'yan Najeriya suna cikinsu. Wasu kuma suna kwance a Chittagong da Maynamati cikin ƙasar Bangaladash ta yanzu, ko a Indiya, domin zazzaɓin cizon sauro da atuni da sauran cututtukan daji sun kwantar da mutane fiye da yadda harsashi ya kwantar, kuma wanda ya rasu a asibiti a kusa da asibitin ake binne shi.

Idan ka bincika ba ka ga sunansa ba, wannan bai yanke hukuncin komai ba. Ita kanta hukumar ta amsa a wani rahoto da ta fitar a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na farko, ba a rubuta sunayensu ba. Rajistar yaƙi na biyu ta fi wannan cika nesa ba kusa ba, amma kuskuren suna yana nan. Akwai kuma abin da iyalai ba su cika kawowa a ransu ba, wato mutumin bai mutu a Bama ba. Sojoji da dama an sallame su a 1946 suka sami aikin masinja ko gadi ko ɗan doka ko aikin reluwe a Legas da Kaduna da Zariya da Jos, suka yi aure a can, ba su sake waiwayar gida ba. Mutumin Ƙaura ma ya fi kowa sauƙin wannan, tunda layin dogo ya iso garinku daga Zariya tun 1929, kuma da alama shi ne ya kai shi barikin horar da kurata na Zariya tun farko. Ka je gidan hakimi da gidan mai unguwarku ka tambayi dattawa, domin ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara samari, wasu da son ransu wasu kuma bisa tilas, kuma ta hannunsu Di'o yake aiko da labarin rasuwa. Ka tambayi su wa aka tafi da su rana ɗaya, ka nemi jikokin waɗanda suka dawo. Waɗanda aka rubuta tare lambobinsu sukan biyo juna, don haka littafin sallama ɗaya da ya tsira a gidan maƙwabta yana iya nuna maka jerin lambobin da za ka bincika.

Tambaya ta uku

Malam, muna da wata tsohuwar minda ta azurfa ta kakan mahaifina, mai kan wani sarkin Turawa mai gemu, da ɗan ƙarfe a sama an rubuta N. Nigeria 1906. Wani malamin tarihi ya ce mini wannan shaida ce cewa yana cikin waɗanda suka rushe Satiru. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, har ina tunanin in sayar da ita in huta.

Bello, Argungu

Amsa

Malam Bello, malamin ya faɗi rabin magana ne. Abin da ke hannunka minda ce ta aikin soja a Afirka wadda Ingila ta fara bayarwa a 1902, mai gemun kuma Sarki Edward na Bakwai ne. Ɗan ƙarfen 1906 an ba da shi ne saboda yaƙi biyu, ba ɗaya ba. Na farko shi ne Satiru, kudu da Sakkwato, inda a Fabrairun 1906 mutanen garin suka karya sojojin doki suka kashe Turawa uku, sannan aka dawo a watan Maris da runduna aka yi musu kisan da har yau ake jin nauyinsa, aka shafe garin. Na biyu shi ne Haɗeja, a Afrilun shekarar, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. Mindar kaɗai ba za ta gaya maka wanne ya halarta ba, kuma na san babu mai daɗin ji a cikinsu.

Ra'ayina shi ne kada ka sayar. Dillalan kayan tarihi za su saye ta da arha su kai ta kasuwar waje, kai kuma ka rabu da hanya ɗaya tilo da za ta gaya maka ko wane ne shi. Rundunar sojan mulkin mallaka da Baturen nan Lugga ya fara haɗawa a 1897 ta tara mutane iri-iri: akwai bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu, akwai waɗanda yaƙe-yaƙen ƙarshen ƙarni na sha tara suka raba da garuruwansu, akwai kuma masu neman albashi kawai. Kafin ka yanke masa hukunci ya kamata ka san daga cikin waɗanne ya fito, da kuma abin da ya kawo shi Argungu, domin mai yiwuwa ne ba haifaffen nan ba ne, bariki ne ya kawo shi ya zauna.

Ka fi Malama Hadiza sa'a ta fuska ɗaya, domin mindojin wancan zamani, da na yaƙin duniya na farko da aka ba waɗanda suka je Kamaru daga 1914 zuwa 1916 ko Afirka ta Gabas bayan nan, ana zana lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa a kewayen bakinsu. Kada ka goge ta da toka ko yashi ko ruwan batir, domin haruffan za su tafi tare da dattin. Ka wanke ta da ruwa da ɗan sabulu, ka shanya, sannan ka riƙe ta a tsaye ka haska fitilar waya daga gefe, kana juya ta a hankali, inuwa za ta fito da rubutun. Jerin sunayen waɗanda aka ba wannan minda yana Kew ƙarƙashin lamba WO 100, an tsara shi rukuni-rukuni, kuma sanin rukuninsa ne zai taimaka a gane ko Satiru aka tura su ko Haɗeja. Ka kwafe abin da ka gani harafi bayan harafi, har da ɗigo da gajerun kalmomin da ba ka gane ba, ka bar gurbi a inda ya goge maimakon ka cike da zato, sannan ka aiko mana da shi tare da hoton mindar gaba da baya.